Motocin Gudu na Amurka, 1949 zuwa 1974: Abin da Bege Ya Riƙe da Abin da Ya Zubar

Tun daga shekarar 1995, a ranar Asabar ta uku ta watan Agusta, titin Woodward, wanda ya tashi daga tsakiyar birnin Detroit ya miƙe har garin Pontiac a jihar Michigan ta Amurka, yakan cika maƙil da tsofaffin motoci. Masu su, waɗanda akasarinsu dattawa ne masu furfura, sukan wanke su, su goge bamba har ta riƙa ɗaukar ido, sa'an nan su fito suna tafiya sannu-sannu kamar mahaya ranar hawan salla, jama'a kuwa ta jeru a gefen titi tana kallo. Abin da ake tunawa shi ne wani zamani na kimanin shekara 25, lokacin da kamfanonin Detroit suka yi ta gasar ƙera mota mai gudu wadda ma'aikaci zai iya saye da albashinsa. A kan wannan titi ne samarin wancan lokaci suke tsere da dare, daga wannan danja zuwa waccan.

Mu da muke nazarin adabi mun san halin bege. Ɗabi'arsa irin ta maroƙi ce: yana lissafa ranakun da ubangidansa ya yi nasara, ya tsallake ranar da aka koro shi daga fage. Don haka manufar wannan maƙala ita ce mu ɗauko kirarin da Amurkawa suke yi wa waɗannan motoci, mu aza shi kusa da abin da tarihi ya adana, mu ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Asalin al'amarin yana komawa ga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu suke kira Yaƙin Hitila. A watan Fabrairu na 1942 gwamnatin Amurka ta tsayar da ƙera motocin hawa, masana'antun Detroit suka koma yin tankoki da jiragen sama da injinansu. Masana'antar Ford ta Willow Run har ta kai ga fitar da jirgin yaƙi guda a kowace awa. Da aka gama yaƙi a 1945, sai aka wayi gari mutane suna da kuɗin da suka tara amma babu abin saye, ga sojoji sun dawo da yawansu sun koyi kanikanci a fagen fama, ga matatun mai sun ƙware wajen tace fetur mai ƙarfi saboda jiragen sama. Bugu da ƙari, Turai da Jafan suna kwance cikin kufai, babu mai ja da Detroit a kasuwar gida. Galan ɗin fetur kuwa, a yawancin shekarun da muke magana a kansu, bai yi nisa da santi 30 ba.

Zakaran gwajin dafi ya fito a 1949. A wannan shekara kamfanonin Oldsmobile da Cadillac, dukansu rassan General Motors, suka fito da sabon inji mai silinda takwas, huɗu a kowane ɓangare, an karkata su kamar harafin V, shi ya sa ake kiransa V8. Irin wannan inji ba baƙo ba ne, domin Ford ya sayar da nasa tun 1932. Sabon abu shi ne an ɗora bawul a saman silinda, kuma fistin yana matse cakuɗen iska da fetur fiye da da kafin wuta ta kama, wanda hakan ke ƙara ƙarfin bugu. Oldsmobile ya ɗauki injin babbar motarsa ya sa a cikin bodi mara nauyi, ya raɗa mata suna Rocket 88. Ƙarfinta na doki 135 ne kacal, abin da ƙaramar motar gida ta yau za ta yi wa dariya, amma a lokacin ta zama abin kwatance a fagen tsere. A 1951 aka ɗauki wata waƙa mai sunan motar a birnin Memphis, Jackie Brenston ya rera tare da makaɗan Ike Turner, kuma masana kiɗa da dama suna lissafa ta cikin waƙoƙin farko na salon rok. Wannan dabara ta babban inji a ƙaramin jiki ita ce aka yi ta maimaitawa har ƙarshen zamanin.

Tseren kansa yana da tushe biyu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fito daga gidan mutunci. A jihohin kudu, masu safarar barasar da ake dafawa a ɓoye cikin duwatsu su ne suka fara gyara injin mota domin su tsere wa jami'an haraji. Ranar hutu sai su haɗu a fili su gwada wa ya fi wani. Daga cikin irin wannan taro Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a 1948, kuma ɗaya daga cikin gwanayenta, Junior Johnson, sai da ya yi zaman kurkuku saboda harkar barasa. A Kalifoniya kuwa samari ne suke tsintar tsofaffin motocin Ford, su cire duk wani abu mai nauyi, su fita busassun tafkuna na hamada su sheƙa. Da tseren ya dawo titunan gari ya fara cin rayuka, sai Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a mayar da shi fili killatacce, a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil. Wannan rubu'in mil shi ne ya zama ma'aunin mota a Amurka. Abin lura shi ne ma'auni ne da ba ya tambayar yadda mota take shan kwana, balle yadda take tsayawa, kuma motocin da aka ƙera dominsa sun gaji wannan gurguwar fahimta.

Shekarun 1950 mun fi saninsu da ado. Harley Earl, shugaban masu zanen mota na General Motors, shi da yaransa suka ga jirgin yaƙi samfurin P-38 suka kwaikwayi wutsiyarsa a kan Cadillac ta 1948. Wutsiyar ta yi ta tsawo shekara bayan shekara har ta kai maƙura a 1959. Ba ta da wani amfani ga tafiya. Amfaninta shi ne ta sa motar bara ta zama abin kunya a ƙofar gida, wanda kuwa shi ne tsarin da Alfred Sloan ya ɗora kamfanin a kai, wato sauya fasali kowace shekara. A cikin waɗannan shekaru aka sami Corvette a 1953, wadda guda 300 kawai aka yi a shekarar farko, dukansu farare, da Thunderbird ta Ford da Chrysler 300 a 1955, da ƙaramin injin V8 na Chevrolet wanda ya kawo gudu gidan talaka. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Shi dai ya taɓa bin ayarin motocin soja daga Washinton zuwa San Francisco a 1919, tafiyar da ta ci kwana 62, daga baya kuma ya ga hanyoyin Jamus da idonsa.

Amma zamanin da dattawan Woodward suka fi bege ya soma ne a 1964, kuma akwai dalili na ƙididdiga. Bayan yaƙi an yi ta haihuwa a Amurka ba ƙaƙƙautawa, kimanin jarirai miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964. 'Yan farin wannan zuriya sun cika shekara 18 a 1964 daidai. A wannan shekara John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka yi wa shugabanninsu wayo. General Motors yana da ƙa'ida da ta hana sa babban inji a matsakaiciyar mota, sai suka fitar da injin lita 6.4 a matsayin ƙarin da mai saye zai iya zaɓa a kan motar Tempest, suka kira haɗin GTO. An yi tsammanin za a sayar da 5,000, sai aka sayar da fiye da 32,000. Domin mai karatu ya gane girman abin, injin Peugeot 504 da muka sani silinda huɗu gare shi, girmansa kuma kimanin lita 2. A watan Afrilu na wannan shekara Ford ya fito da Mustang a kan dala 2,368, kuma kafin shekara biyu ta cika an sayar da miliyan guda.

Daga nan sai gasa ta ɓarke. Chevrolet ya fito da Camaro, Dodge ya fito da Charger, Plymouth ya biya kamfanin fim na Warner don ya ari sunan wani tsuntsun zanen yara mai gudu ya sa wa motarsa Road Runner. Chrysler ya sauko da injinsa na tsere mai suna Hemi, mai lita 7 da ƙarfin doki 425, ya sa a motocin titi a 1966. A watan Maris na 1970 Buddy Baker ya zarce mil 200 a awa a filin Talladega cikin Charger Daytona mai dogon hanci da fiffike a baya, kuma a wannan shekara ana iya shiga shago a sayi Chevelle mai ƙarfin doki 450. Mu a nan ba a titi muka san yawancin waɗannan motoci ba, a majigin silima muka san su. Wanda ya ga fim ɗin Bullitt na 1968, inda Steve McQueen cikin koriyar Mustang yake bin baƙar Charger a gangaren San Francisco, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ya ja hankalin samari. Ba za mu yi musun kyawun abin ba. Rurin injin V8 yana da daɗin ji, kuma masu zanen Charger ta 1968 sun san aikinsu.

To, wannan shi ne kirarin. Abu na farko da ya tsallake shi ne ƙarancin motocin. A shekarar da GTO ta fi kasuwa, wato 1966, ba ta kai 100,000 ba, a ƙasar da take sayen sababbin motoci wajen miliyan 9 a shekara. Akasarin mutane motar kai yara makaranta suke hawa, kuma ƙaramar Volkswagen ta Jamus mai siffar kunkuru ta fi GTO kasuwa nesa ba kusa ba. Bege ya ɗauki 'yan tsiraru ya mai da su fuskar zamani gaba ɗaya.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma ya fi kusa da zuciyarmu. Buɗaɗɗiyar hanyar da Jack Kerouac ya wasa a littafinsa On the Road na 1957, inda saurayi zai taka mota daga wannan gaɓar teku zuwa waccan ya kwana inda dare ya yi masa, ba ta kowa ba ce. Baƙar fata da ya tashi tafiya a wancan lokaci sai ya yi guzurin abinci da galan na fetur, domin bai san gidan man da zai sayar masa ba, ko masaukin da zai karɓe shi, kuma akwai garuruwan da bai isa rana ta faɗi yana cikinsu ba. Wani ma'aikacin gidan waya na unguwar Harlem, Victor Green, ya fara buga wani ɗan littafin jagora a 1936 yana lissafa wuraren da baƙar fata zai iya tsayawa lafiya, kuma an ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Duk da haka baƙaƙen fata sun ƙaunaci mota, watakila fiye da kowa, domin ita ce take raba su da wulaƙancin kujerar baya a bas da jirgin ƙasa. A 1949 mujallar Ebony ta yi sharhi a kan dalilin da ya sa suke sayen Cadillac, kuma bayanin ba boyayye ba ne: mutumin da aka hana shi sayen gida a unguwa mai kyau, ko shiga babban otal, mota ce kaɗai ta rage masa ya nuna arzikinsa. Dubbansu ne kuma suka taso daga kudu suka yi aiki a masana'antun Detroit, sau da yawa a sashen narka ƙarfe inda zafi ya fi tsanani. Da aka zo gina manyan hanyoyin Eisenhower, ta tsakiyar unguwanninsu aka ratsa: titin Hastings a Detroit, da Overtown a Miami, da titin Claiborne a New Orleans.

Labarin Wendell Scott ya isa misali. Bakanike ne daga garin Danville a jihar Virginia, shi ma tsohon mai safarar barasa, wanda yake gyara motarsa da hannunsa tare da 'ya'yansa. Ranar 1 ga Disamba, 1963, a birnin Jacksonville, ya zama baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukunin NASCAR. Amma alkalan wasa suka ɗaga wa wani Bature tuta, Buck Baker, suka ba shi kofi. Sai bayan 'yan kallo sun watse aka sake duba lissafi aka yarda cewa Scott ne ya zo na ɗaya. An ba shi kuɗin, ba a ba shi kofin ba. Bayanin da aka fi yi shi ne al'ada ta tanadi wanda ya ci ya sumbaci sarauniyar kyau a gaban jama'a, ita kuwa Baturiya ce. Scott ya rasu a 1990, kuma sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalinsa kofi.

Abu na uku shi ne jini. An ƙara wa motocin ƙarfi ba a ƙara musu burki daidai da shi ba, tayoyinsu sirara ne, sitiyarin kuma sandar ƙarfe ce da take soke ƙirjin direba idan aka yi karo. Ford ya gwada tallar kariya a 1956, kasuwa ba ta yi masa yadda yake so ba, sai magana ta bazu a Detroit cewa kariya ba ta sayar da mota. A 1965 wani matashin lauya, Ralph Nader, ɗan baƙin haure daga Labanan, ya wallafa Unsafe at Any Speed, inda ya ɗora laifin mace-mace a kan yadda ake ƙera motocin, maimakon direbobi kaɗai. General Motors ya sa masu leƙen asiri su bi shi, asiri ya tonu, shugaban kamfanin James Roche ya nemi gafara a gaban kwamitin Majalisar Dattawa a watan Maris na 1966, a shekarar kuma aka yi dokar kariyar motoci. (A wannan shekara ta 1965 ne Wole Soyinka ya fito da wasansa The Road, wanda shi ma a kan hanya mai cin mutane yake, kuma shi ne ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya a 1988.) Daga 1966 zuwa 1973 babu shekarar da mutanen da suka mutu a hanyoyin Amurka ba su haura 50,000 ba. Sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam kaf ɗinsa kimanin 58,000 ne. Ba motocin gudu kaɗai ke da alhakin wannan ba, amma kamfanonin inshora sun yi nasu lissafin, suka tsawwala kuɗi a kan saurayi mai babban inji har abin ya gagari da yawa.

Akwai kuma dafin da ba a gani. Injin da yake matse fetur sosai yana buƙatar mai da ba ya kamawa kafin lokaci, kuma hanya mafi araha ita ce zuba masa sinadarin dalma, dabarar da Thomas Midgley ya gano a ɗakin binciken General Motors a 1921. Dalmar tana fita ta salansa, ta sauka a ƙasa, ta shiga jinin yara ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Masanin kimiyya Clair Patterson ya yi gargaɗi a 1965, ya sha tsangwama daga masu harkar mai. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta wa kamfanoni su rage matsin injinansu, daga 1975 kuma aka fara sa wa motoci matatar hayaƙi wadda ba ta jituwa da dalma. Amurka ta haramta irin wannan fetur a motoci a 1996. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ba su rabu da shi ba sai farkon 2006, Aljeriya kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Saboda haka lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a watan Oktoba na 1973, sakamakon yaƙin Masar da Siriya da Isra'ila, bishiyar da ma ta riga ta sha gatari. Gangar mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12, aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai, gwamnati ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kuma a 1974 mace-macen hanya suka ragu da wajen 9,000. A shekarar aka daina GTO. Corvette ta 1975 ƙarfin doki 165 gare ta, ko da yake dole mu faɗa cewa an sauya yadda ake auna ƙarfin tun 1972, don haka wani ɓangare na faɗuwar a takarda ne kawai.

A nan ne labarin ya ratso ta ƙofar gidanmu. Doguwar motar Amurka da ma alamar mulki ce a wurinmu. Cadillac ce Chinua Achebe ya bai wa minista Nanga a littafinsa A Man of the People na 1966. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ba ta cikin waɗanda suka yi takunkumin, amma ta ci ribar tashin farashin. Kuɗin da Ba'amurke ya ƙara biya a gidan mai yana cikin abin da ya zama kuɗin Udoji a aljihun ma'aikatanmu, kuma a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Faɗuwar wani, tashin wani. Begen da namu dattawan suke yi wa sabuwar 504 da fetur mai araha ɗan'uwan begen dattawan Woodward ne, kuma shi ma yana da abubuwan da ya tsallake.

Wani abin mamaki shi ne begen ya riga mutuwar zuwa. A watan Agusta na 1973, wata biyu kafin takunkumin, George Lucas ya fito da fim ɗin American Graffiti, labarin dare guda na samari da motocinsu a wani garin Kalifoniya a 1962. Lucas ya fi masu kwaikwayonsa gaskiya, domin a ƙarshen fim ɗin ya sanar da mu cewa gwanin tseren wani bugaggen direba ne ya kashe shi, wani daga cikin abokan kuma ya ɓace a Biyetnam. Kasuwar tsofaffin motoci da ta biyo baya ba ta da irin wannan ƙarshe. Yaran 1964 sun girma sun yi kuɗi, suka koma neman abin da suka yi sha'awa suna samari, farashi ya yi ta hawa, har a watan Janairu na 2020 aka yi gwanjon Mustang ɗin fim ɗin Bullitt a kan fiye da dala miliyan 3. Sunayen da suka haifi motocin kuwa sun bi juna: Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010. Detroit, wadda take da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950, ta bayyana tsiyacewa a gaban kotu a 2013, kuma ƙidayar 2020 ta same ta da ƙasa da 640,000.

Inda motocin shekarun 1950 suka daɗe suna aikin da aka yi su dominsa shi ne Kyuba. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa tsibirin, sababbin motoci da kayan gyara suka daina zuwa daga Detroit, sai kanikawan Havana suka shiga ƙera abin da babu da hannunsu, irin yadda namu suke yi a bakin tasha. Da yawa daga cikin Chevrolet da Buick da Plymouth ɗin nan an cire musu injinansu na asali an sa na dizal, na Rasha ko Jafan ko Koriya, aka mai da su motocin haya masu bin layi guda suna ɗaukar fasinja biyar ko shida, suna tafe suna hayaƙi, da ƙyar suke kai rabin gudun da aka yi tallarsu da shi.